Lawali da Laimar Shadda

"Ba a haifi Bamisiren da zai ci kwabona a ciniki ba! In ma an haife shi, to yana goye, bai fara tafiya ba."

Lawali ke nan, abokina, zaune a shagon shayin Sudanawa da ke Hayyin Ashir a birnin Alƙahira, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kurɓar shayin da wani ya biya. In ba ka san shi ba, bari in gabatar maka da shi. Karatu ya kawo shi Masar tun wayoyi na da maɓallai. Waɗanda suka zo tare sun gama, sun koma gida, sun yi aure, har ana raɗe-raɗin ɗan wani ya zo ya same shi a aji. Shi kuwa yana nan daram, wai ba ya son karatun gaggawa. Abin taƙamarsa ɗaya ne: mahaifinsa dillalin raguna ne a kasuwar Illela, saboda haka ciniki a jininsa yake. Ko butar alwala zai saya, sai ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya leƙa gindinta, ya taɓe baki, ya kushe ta har mai ita ya ji kunyar sayarwa. Shi ya naɗa kansa Sarkin Tayi. 'Yan ɗakinsu kuwa, in ya ba da baya, Ministan Surutu suke kiransa.

Kuma 'yan ɗakin nan da yawa suke. Sun cunkushe a ɗaki ɗaya, katifar Lawali ce a bakin ƙofar banɗaki, duk wanda fitsari ya matsa sai ya tsallake Sarkin Tayi. Wannan abu na ci masa rai ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa.

Ana nan sai ga Hajiya Zulaihatu ta sauka a gari. Babbar 'yar kasuwa ce daga Gashuwa, abaya da takalma take lodi kwantena-kwantena. Yaron da ke mata wakilci a Alƙahira ya gama karatu ya tafi, kujera ta zama babu kowa. Duk wanda ya hau kujerar nan, yana da la'adarsa a kan kowane kaya, ga kuma gidan da Hajiya ta kama a Mohandessin, shi zai zauna ciki shi kaɗai, da banɗakinsa. Da Lawali ya ji zancen banɗakin nan, ko shayinsa bai ƙarasa ba ya zari babbar riga.

Ya same ta a falo tana cin dabino. A gefe ga Gideon, mutumin Zonkwa, direban wani jami'in diflomasiyya, wanda Hajiya kan roƙi aronsa duk lokacin da ta zo.

Hajiya ta dube shi ta ce, "Malam Lawali, an ce kai ne Sarkin Tayi."

"Ranki ya daɗe, mutane ne da faɗa. Amma ba su yi ƙarya ba."

"To, madalla. Wurin shaƙatawa nake son buɗewa a rairayin Yusufari. Ka san keken iska? Ɗan keken nan mai ƙafa uku, ƙasa-ƙasa, wanda wata ƙatuwar laima irin ta sojan sama ke tashi tana jansa a kan yashi?"

Lawali bai taɓa jin labarinsa ba tun da uwarsa ta haife shi.

"Keken iska? Hajiya, ni da na hau shi har na gaji!"

"Alhamdu lillahi. Akwai wani Isam a nan Mohandessin da zai sayar da nasa. Ga kuɗi. Ka je ka duba, in farashin na gaskiya ne ka saya. Ranar Juma'a mu fita bayan gari ka nuna min yana tafiya. In na ga aiki, wakilci naka ne."

A mota Gideon ya miƙo masa waya. "Malam, ga bidiyonsa nan, ko za ka ɗan kalla kafin mu isa?"

"Mayar da wayarka aljihu. Ɗan dillali da ido yake aiki, ba da bidiyo ba."

"Ai bidiyon ma da ido ake kallo."

"Gideon, tuƙi aka ce ka yi."

Isam matashin injiniya ne mai fara'a. Aure zai yi, amarya ta ce ko ita ko tarkacen da ke gareji, shi ya sa zai rabu da keken. Ya tarbe su da "Ahlan ya basha," ya kawo shayi. Lawali ya raɗa wa Gideon da Hausa, "Ka ga shayin nan? Tarko ne. Mu sha, amma kada ka yi murmushi."

Aka janye tampol. Ga keke nan yana ƙyalli, tayoyi uku masu faɗi, da 'yar kujera kamar ta wanzami. Lawali ya zagaya shi hannu a baya, ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashi, ya matsa taya kamar mai duba cinyar rago. Sannan ya gyara murya ya kwance Larabcinsa.

"Ina injin?"

"Babu inji, ya basha."

"Birki fa?"

"Babu. Da laima ake tsayawa."

"Sitiyari?"

"Ƙafafunka. Ka ɗora su nan, ka juya tayar gaba."

Lawali ya waiwayi Gideon, ido na walƙiya. "Ka ji da kunnenka. Aibi uku tun ban zauna ba, kuma da bakinsa ya amsa."

"Malam, ina jin haka ake ƙera shi fa."

"Yi shiru, kada ya ji ka!"

Ya kama keken ya ɗaga, sai ya ji shi sakayau. Ya saki wata dariyar ƙeta. "Ba nauyi! Ƙarfen gwangwani!" Isam ya yi ƙoƙarin bayyana masa cewa rashin nauyin nan shi ake saye da tsada. Lawali ya girgiza kai irin na wanda ya ji ƙarya iri-iri a duniya, amma bai taɓa jin mai kyan wannan ba.

Sai Isam ya kwance wata jaka ya shimfiɗa laimar, ja da ruwan ɗorawa, ta cika garejin har ta hau bango. Ya faɗi kuɗin keke da laima gaba ɗaya. Ni da kai, abokina, mun san farashin nan na mutunci ne, don mai gaggawar aure ba ya tsayawa cin riba. Amma Lawali ya ce a rarraba masa, nawa keke, nawa laima. Da ya ji laimar ita ce ta cinye fiye da rabin kuɗin, sai da ya dafa bango.

"Inna lillahi! Wannan tsumman?" Ya murza yadin tsakanin yatsu. "Shara-shara! Ko labulen kicin ban yarda ba. Kuma dubi bakinta, ramuka ne a jere, telan ma bai rufe ɗinkin ba."

"Ta nan iska ke shiga ta kumbura ta, ya basha."

"Ta shiga ta nan, ta yi me a ciki? Haya za ta kama? An ce maka jiya na zo Masar?"

Nan take dabara ta faɗo masa, har ya ji tsigar jikinsa ta tashi don jin daɗin kansa. Laima ai yadi ce. Yadi kuwa aikin tela ne. Wace riga ce a duniya tela bai ɗinka ba? Ya ɗauki hoton laimar a wayance, ya ce keke kaɗai zai saya.

Isam ya buɗe baki. "Keke ba laima? Ai kujera ka saya ke nan."

"Kujerar nake so."

"To, ma'alish, ba komai. Ranar Juma'a muna fita yashin da ke hanyar Fayyum ni da abokaina. Ka zo in koya maka, kyauta."

"Ka ji ko?" in ji Lawali da Hausa. "Kyauta! Tarko na biyu."

Suka ɗaure keke a saman mota. Tun daga Mohandessin har Hayyin Ashir Lawali na yi wa kansa kirari, wai ya yanka Bamisire ba wuƙa. Gideon dai tuƙi aka ce ya yi, tuƙi yake yi.

Washegari ya dira shagon Hamad, wani tela Basudane wanda kakanninsa Hausawa ne. Hamad ya kalli hoton, ya kalli awon da Lawali ya zana masa da ƙafa a ƙasa, daga bakin shago har tsakiyar titi.

"Ya zol, bawan Allah, wannan rigar wa ce? Aljani zai yi aure?"

"Laima ce. Kuma ba irin ta Turawa mai kama da ledar burodi nake so ba. Shadda za ka sa, mai nauyi, wadda in iska ta taɓa za ta san ta taɓa kaya. Ramukan nan na baki duk ka rufe su, ka yi ɗinki biyu."

"A yi mata aiki?"

Lawali ya yi tunani. Hajiya ce fa za ta gani. "A yi. Zare ruwan zinari, a zagaye gefe. A tsakiya ka rubuta sunan Hajiya."

"Tamam. Sitaci fa?"

"Har ka tambaya? A sa ya ji!"

Shaddar da ta shiga laimar nan, abokina, ta isa a yi wa unguwa guda anko. Kafin a biya yadi, a biya aiki, a biya sitaci, a sayo igiyar shanya mai kauri, ribar da Sarkin Tayi ya yanko ta zama 'yar kaɗan. Bai damu ba. Da ya ga laimar a naɗe tana ƙamshin guga, har ƙwalla ta taru masa don alfahari. Mutum biyu ne suka ɗauke ta zuwa mota, suna nishi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka wuce Giza, suka miƙi hanyar Fayyum har gidaje suka ƙare, yashi ya buɗe. Iska na kaɗawa sosai. Can nesa ga laimomi kala-kala a sama, ƙananan kekuna na tsere a ƙarƙashinsu. Hajiya ta fito da tabarau da kujerar roba ta zauna. Lawali ya sha farin kaftani da hula zanna, ya cusa kansa cikin keke, gwiwoyi sun kusa taɓa kunnuwa, ya naɗe igiyar shanya a hannu.

"Gideon, ɗaga ta ka ruga! In na ce saki, ka saki!"

Gideon ya ɗora bakin shadda a ka ya ruga. "Saki!" Ya saki. Laima ta yi tsaye ƙiƙam don sitaci, ta yi kamar tana shawara, sannan ta kife a kansa rif. Aka ga tudun shadda na motsi, wata murya na fitowa daga ciki tana kiran Yesu.

Aka sake. Ta sake kifewa. Aka juya ta wajen gabas, aka yi bismilla da ƙarfi, Lawali har da hura mata iska da baki daga inda yake zaune.

"Malam Lawali," in ji Hajiya, "laimar taka barci take yi?"

"Sabuwa ce, ranki ya daɗe. Ba ta saba ba."

"To, kafin ta saba, Gideon, jawo min ita nan in ɗora ƙafa. Yashin nan da zafi."

Haka sunan Hajiya da zaren zinari ya koma ƙarƙashin ƙafar Hajiya. Gumi ya fara tsattsafo wa Lawali. A idonsa ya ga gidan Mohandessin na ja da baya, katifar bakin banɗaki na matsowa.

Sai ga wani keke ya taho fuu, ya yi kwana, ya tsaya a gabansu. Isam ne a keken abokinsa. Ya sauke laimarsa, ya zo ya tsaya kan shaddar, ya taɓa aikin zinarin, ya ɗaga igiyar shanya. Ya yi ƙoƙarin danne dariya. Kafaɗunsa ne kawai suka fara rawa, har sai da ya zauna a ƙasa.

Lawali ya ja shi gefe. "Ya Isam, mu bar wasa. Ka ba ni hayar taka, na ɗan lokaci."

Isam ya share hawaye ya kwance jaka biyu. "Ga ƙarama, ga babbar da ka gani a gareji. Kuɗin haya ɗaya ne. Amma yau iska da ƙarfi, ƙaramar za ka ɗauka. Kuma in ta yage ko ta ɓace, ka saya."

Kai ma ka san abin da ya shiga kunnen Lawali. Kuɗi ɗaya, yadi ninki biyu, a ce ya ɗauki ƙarama? Wato Bamisiren nan bai daddara ba.

"Babbar."

"Ya basha, babbar nan sai gwani. Ka taɓa hawa kuwa?"

Hajiya ta tambayi Gideon me ake cewa, ya fassara mata. Ta ɗaga murya daga kujerarta. "Gaya masa gwani ne! Da bakinsa ya ce min ya hau har ya gaji."

Gideon, bawan Allah, ya fassara wannan ma, bai rage ko wasali ba. Lawali ya haɗiye yawu ya gyaɗa kai.

"Tamam," in ji Isam. Ya danƙa masa maɗauka biyu da siraran igiyoyi. "Abu ɗaya dai: in ta fi ƙarfinka, ka saki hannu. Khalas, shi ke nan. Da kanta za ta faɗo."

Lawali ya yi murmushi a ransa. A saki? Kayan haya? Ta tashi ta tafi Libiya a ce ya biya? Tarko na uku ke nan, kuma ya fi sauran wayo. A Illela, ko rago ya ja ka cikin kwata, ba ka sakin igiya sai an biya. Ya naɗe maɗaukan a wuyan hannu, ya ƙara naɗewa.

"Yalla!" in ji Isam, ya ɗaga bakin laimar.

Iska ta shiga ramukan nan da telan Turawa bai rufe ba. Laima ta kumbura, ta yi wani gurnani, ta harba sama. Abin da ya biyo baya, Gideon ya rantse bai ga farkonsa ba. Ya dai ga mutum a cikin keke, ya ƙifta ido, sai ya ga keke ba mutum.

Sarkin Tayi ya fita ta saman tayar gaba kamar an fizge toshiyar kwalba. Ya yi 'yar tafiya a iska yana taka babu, ya sauko da ciki, laima ta ce bismilla. Ta ja shi a kan yashi yana tayar da ƙura hagu da dama. Hula ta yi nata wuri. Takalma suka bi ta. Tazuge ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ga ba zai iya ba, ya sallama, farin wando ya zame ya kwanta a yashi shi kaɗai. Allah ya taimaka akwai gajeren wando na ƙwallo a ciki, kore shar, ana hango shi tun daga titi.

"Saki! Saki!" Isam na ihu.

"Malam, ka saki!" Gideon na ihu.

"Ɗan nan, saki mana!" Hajiya ta miƙe tsaye a kan shadda.

Daga cikin ƙura murya ta dawo, tana yin nisa: "Ba zan biya baaa!"

Ya haye tudu, ya gangara, ya ratsa tsakiyar masu tsere suna kaucewa suna zaginsa da Larabci, ya sake haye wani tudun. Keke kuwa yana nan inda aka ajiye shi, ko motsi bai yi ba. Sai da laimar ta faɗa bayan wani babban tudu inda iska ba ta kaiwa, sannan ta gaji ta kwanta.

Suka bi sawunsa da mota, sawu mai faɗi kamar an ja buhun gero. A hanya Gideon ya tsaya ya tsinci hula, ya tsinci takalmi ɗaya, ya tsinci wando. Suka same shi kwance rub da ciki, yashi a baki, yashi a kunne, yashi a gira, hannu biyu har yanzu a damƙe da maɗauka. Isam ya duba shi, ba karaya, sai ƙujewa da zubewar mutunci. Ya duba laimarsa, ita ma lafiya lau.

Lawali ya ɗago kai, ya tofar da yashi, ya ga Hajiya tsaye ta kawar da fuska, mayafi a baki, jikinta na girgiza. Wani ne da ya yi shiru. Amma ka san mutumin naka.

"Hajiya, kin ga gudu? Wannan fa ba da keke ba ke nan!"

"Na gani, Malam Lawali. Shi ya sa nake son in fahimta. Abu biyu aka nuna maka, ɗaya na tafiya, ɗaya na tsaye. Ka ɗauki kuɗina ka sayo na tsayen?"

"An samu rangwame, ranki ya daɗe."

"An samu."

Ya jawo gefen kaftani yana rufe gwiwa, murya ta yi ƙasa. "To... maganar wakilcin fa?"

"Wakilci? Rufa min asiri! In wayi gari da kwantenar takalma duk na ƙafar hagu, ka ce min na dama sun yi tsada?" Ta share hawayen dariya da bakin mayafi. "Amma ba zan hana ka abinci ba. Zan sayi laimar nan a farashin da yaron nan ya faɗa tun farko, kai kuma ka biyo ni Yusufari. Keke mutum ɗaya yake ɗauka. Kai kuwa in laima ta ja ka haka duk Juma'a, gari guda zai biya kuɗin kallo."

Gideon ya matso yana kakkaɓe wando. "Hajiya, wannan fa?"

"Ba shi abinsa ya adana," in ji ta, tana komawa mota. "Ranar aiki ba sai ya zo da shi ba."